Me ya sa Sardauna ya bar kujerar Legas ya zauna a Kaduna?

Wani ɗalibi ne ya turo tambaya, yace a wani littafi ya ga an rubuta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ɗan majalisar dokokin Jihar Arewa ne a Kaduna, a wani kuma ya ga an ce shi ne ya miƙe a majalisar wakilai ta Legas a 1953 ya taka wa ƙudirin neman mulkin kai birki, toh wanne ne daidai a ciki, kuma in har ya taɓa zama a majalisar ƙasa me ya kai shi komawa ta jiha, wannan ai ci baya ne.

Toh ɗan'uwa, duka biyun daidai ne, babu littafin da ya yi maka ƙarya. Daga 1952 zuwa 1954 Sardauna yana riƙe da kujeru biyu a lokaci guda, ɗaya a Kaduna ɗaya a Legas, kuma ba shi kaɗai ba, duk wani ɗan Arewa da ka ji an ce yana majalisar Legas a waɗannan shekarun toh ta Kaduna ya bi ya je. Abinda ke rikita ku 'yan yanzu shine kun taso kun tarar da tsani guda ɗaya, kansila ya zama ciyaman, ciyaman ya nemi majalisar jiha, daga nan Abuja, sai kuke ɗauka haka abin yake tun fil azal. A zamanin da muke magana tsanin a juye yake, kuma sai ka fahimci wannan kafin ka gane lissafin da mutumin ya yi.

Bari mu ɗan koma baya. Kafin 1947 majalisar da ke Legas ba ta yi wa Arewa doka ma sam, Gwamna Bature shi kaɗai ke sa hannu doka ta hau kan Arewa, sarakuna da Razdan-Razdan su aiwatar. Tsarin mulkin Richards da ya fara aiki a 1947 shi ya kawo majalisu biyu a Kaduna, Majalisar Sarakuna da Majalisar Dokoki, amma kar ka ji suna ka ɗauka wani iko ne da su, shawara kawai suke bayarwa, Bature ne ke shugabantar zaman, membobin kuma ba talaka ne ya zaɓe su ba, En'e ce, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, ke ɗauko mutum daga cikin ma'aikatanta ta tura. Daga cikin waɗannan ne ake tsamo 'yan ƙalilan a aika majalisar tsakiya, kuma ta haka Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda malamin makaranta ne a Bauchi, ya fara zuwa Legas tun 1947. Kaga kenan Ɓalewa ya riga Sardauna shiga harkar majalisa, abinda mutane da yawa ba su sani ba.

Shi Sardauna sai 1949 ya shigo, bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas aka ba shi gurbin wakiltar lardin. Amma lokacin da ya shigo ba baƙon mulki ba ne ko kaɗan. Ya gama kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba aka ba Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna aka tura shi Gusau yana kula da gundumomin gabas, har ya sha shari'ar nan ta kuɗin jangali wadda aka ɗaure shi a kotun Sarkin Musulmi ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. A 1948 ya je Ingila ya yi kwas kan mulkin ƙananan hukumomi. Na kawo maka wannan ne don ka ga irin makarantar da ta horar da shi, mutum ne da ya san yadda ake ƙirga shanu a karɓi jangali, ya san me dagaci zai iya ɓoyewa, ya san wanda ke riƙe da baitulmalin En'e shi ke riƙe da ƙasa. Duk rayuwarsa ta siyasa da wannan idon yake kallon iko.

Abubuwa biyu suka faru a 1950 da ya kamata ka riƙe. Na farko taron Badun a watan Janairu inda aka zauna gyaran tsarin mulki, wakilan Arewa suka kafe sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo suka fito ƙarara suka ce in ba haka ba toh a raba gari a koma yadda ake kafin a haɗe Arewa da Kudu a 1914, kuma suka samu abinda suke so. Na biyu a watan Agusta Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo ƙudirin a binciki tsarin En'e a yi masa garambawul, yana sukar yadda sarki shi kaɗai ke da wuƙa da nama, abinda a lokacin faɗinsa a gaban Turawa da 'yan sarki ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, kuma ƙudirin ya wuce da ƙyar. Ni a ganina wannan ita ce ranar da majalisar Kaduna ta fara zama majalisa.

Yanzu ga inda amsar tambayarka ta farko take. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya kafa majalisar wakilai a Legas mai zaɓaɓɓun membobi 136, Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34, amma babu wani zaɓe da aka yi na kai tsaye zuwa wannan majalisa, babu akwatin ƙuri'a da aka rubuta Legas a jikinsa. Majalisun jihohi ne ke zama su zaɓi waɗanda za su tafi daga cikin membobinsu, a Arewa kuma haɗin gwiwar Majalisar Sarakuna da ta Dokoki ke yin wannan aiki. Ita kanta majalisar Kaduna mai zaɓaɓɓu 90 hawa-hawa ake zuwa cikinta, a tara magidanta masu biyan haraji a ƙauye ko unguwa, galibi a gaban mai unguwa da idon dagaci a kansu, su fitar da wakili, waɗannan su haɗu a gunduma su sake tacewa, a haura sama a sake tacewa, har a kai matakin lardi inda ake fitar da 'yan majalisa, kuma a wannan matakin na ƙarshe doka ta ba En'e dama ta cuso nata mutanen da ba su bi ta ko ɗaya daga cikin matakan ƙasa ba. Mata kuwa babu su a lissafin gaba ɗaya. Shi ya sa NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, ta yi rawar gani a matakin farko a cikin birnin Kano amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta tsira da ita ba, Malam Aminu Kano kansa bai shiga ba. Ita kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, sai a watan Oktoban 1951 ta rikiɗe daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa, ana tsakiyar zaɓen ma, waɗanda suka ci suka rungume ta.

In kana so ka ga yadda wannan tsari ke iya yi wa babban mutum ƙafar ungulu dubi Azikiwe, wato Zik, ya ci kujerarsa ta majalisar jiha a Legas, amma lokacin Legas tana ƙarƙashin Jihar Yamma ne, majalisar Badun kuma 'yan Awolowo ne suka fi yawa a ciki, sai ga Zik da duk sunansa ya kasa samun shiga majalisar tsakiya, dole daga baya ya tattara ya koma Gabas. Wato ƙofar Legas tana hannun duk wanda ke riƙe da majalisar jiha.

A rabon muƙamai na 1952 Arewa ta tura ministoci huɗu tsakiya, Ɓalewa a ayyuka, Muhammadu Ribaɗu, Shettima Kashim Ibrahim, da Sarkin Katsina Usman Nagogo. Sardauna bai karɓi minista a Legas ba, ya zama ministan ayyuka na Jihar Arewa a Kaduna, daga baya aka haɗa masa da ƙananan hukumomi da raya karkara, amma yana nan a matsayin memba na majalisar Legas, in lokacin zama ya yi su ɗunguma a jirgin ƙasa su tafi, a gama su dawo. Toh a irin wannan zaman ne na ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na AG, jam'iyyar Awolowo, ya kawo ƙudirin a ba Najeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya miƙe ya kawo gyara yace a cire 1956 a sa da zarar hali ya yi. Dalilinsu a fili yake, Arewa ba ta da ma'aikatan da za su cike gurbin Turawa, masu digiri 'yan Arewa a lokacin da yatsun hannu za ka ƙirga su, ofisoshin gwamnati da tashoshin jirgin ƙasa da gidan waya a Kaduna da Kano da Jos duk akawunan Kudu ne a ciki, suna ganin in Bature ya tafi a 1956 an canza ubangida ne kawai. 'Yan AG da na NCNC, jam'iyyar Zik, suka fice daga zauren, Sardauna ya yi maganar nan tasa da ta shahara cewa kuskuren 1914 ya fito fili, da suka fito waje kuma taron jama'a ya bi su da ihu da zagi, ana ce musu 'yan koren Turawa, har a tashoshin jirgi a hanyarsu ta komawa gida ba a ƙyale su ba. Ka tuna waɗannan mutane ne da a garuruwansu ake faɗuwa a gaishe su, hakimai ne da waziri da 'ya'yan sarakuna, wasu ba a taɓa ɗaga musu murya ba tunda aka haife su. Wannan cin fuska ya zauna musu a rai sosai, kuma duk wanda ya ce maka bai taka rawa ba a ƙin Legas da Sardauna ya yi toh bai san mutumin ba.

Abinda ya biyo baya cikin sauri ya zo. A watan Mayu tawagar AG ƙarƙashin Akintola ta shirya zuwa Kano yin gangami, rikici ya ɓarke tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari na kwana huɗu, alƙaluman hukuma suka ce mutum 36 suka mutu. A watan nan dai majalisun Kaduna biyu suka amince da buƙatu takwas waɗanda in ka karanta su da kyau kusan raba ƙasa ne, kowace jiha ta riƙe komai nata, tsakiya ta zama 'yar hukuma mai kula da tsaro da harkokin waje da kwastan kawai, babu ma majalisar tsakiya. Turawa suka ga tsarin Macpherson ya mutu, aka kira taro a Landan a 1953 aka ƙarasa a Legas a farkon 1954, aka fito da tsarin Lyttelton wanda ya mai da Najeriya tarayya ta gaske daga Oktoban 1954. A nan ne aka raba kujerun, aka ce daga yau ba mai zama a majalisa biyu, majalisar wakilai ta koma mai membobi 184 da zaɓenta daban, Arewa na da 92. Kowa sai ya zaɓi gida ɗaya. Sardauna ya zaɓi Kaduna ya zama Firimiya, a shekarar kuma ya zama shugaban NPC a taron Jos, Ɓalewa mataimakinsa ya zauna a Legas da su Ribaɗu da Inuwa Wada, aka kuma tura sabbin jini irin su Shehu Shagari da Maitama Sule, wanda shi ne ya kayar da Malam Aminu a Kano a zaɓen na 1954.

Kuma fa ba shi kaɗai ya yi wannan zaɓin ba, a 1954 Awolowo Firimiyan Yamma ya zama, Zik Firimiyan Gabas, duk manyan uku babu wanda ya tafi tsakiya, yaransu suka tura. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda nama yake.

Me ke Kaduna da babu a Legas? Kuɗi tukuna. A 1954 aka raba hukumomin sayen amfanin gona aka ba kowace jiha nata, wato dalar gyaɗar nan ta Kano da audugar Funtua da Gusau ribarsu tana shiga asusun hukumar da gwamnatin Kaduna ke juyawa, kuma ita ke ba da lasin na zama wakilin sayen gyaɗa, wanda a zamanin shi ne babbar hanyar da ɗan kasuwa ke zama attajiri, toh ka ga wanda ke raba wannan lasin ai ba sai ya roƙi kowa biyayya ba. Sannan aikin gwamnati an raba shi jiha-jiha, kotuna haka, ilimi da lafiya da gona da filaye duk na jiha ne. Uwa uba En'e, wadda ke da 'yan doka nata, gidan yari nata, kotunan alƙalai, da karɓar haraji da jangali, duk tana ƙarƙashin dokokin da majalisar Kaduna ke yi. Talakan da ke Gwadabawa ko Misau bai san wani abu wai shi gwamnatin tarayya ba sai in ya ga jirgin ƙasa ko soja, amma ya san ɗan doka, ya san alƙali, ya san malamin haraji. Kamar mai gona ne da ya zauna gindin rumbunsa ya aiki ƙaninsa kasuwa ya yi ciniki da baƙi, ba wai kasuwar ba ta da muhimmanci ba ne, amma hatsin a gida yake. Jihar Arewa ɗaya ce a lokacin, daga Sakkwato zuwa Borno zuwa Ilorin da Kabba da Binuwai, ta fi rabin ƙasar girma nesa ba kusa ba, abinda yau gwamnoni 19 ke rabawa mutum ɗaya ke Firimiyansa.

In ka duba abubuwan da suka fito ta wannan majalisa da gwamnatinta za ka ga ba wasa ake ba. Manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, wadda ta ce in akwai ɗan Arewa shi za a ɗauka, in babu a ɗauki Bature na kwantiragi kafin a horar da na gida, a nan aka yi ta, 'yan Kudu sun tsane ta kuma suna da hujjarsu, amma ita ta samar da rukunin ma'aikatan da suka riƙe Arewa shekaru talatin bayan nan. Kundin dokokin laifuka na Arewa da aka zartar a 1959, wanda aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan don a daidaita shari'ar Musulunci da tsoron da waɗanda ba Musulmi ba ke yi, har gobe jihohin Arewa da shi ko da 'ya'yansa suke aiki. Masaƙar Kaduna, Bankin Arewa, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, Jami'ar Zariya da aka buɗe a 1962, duk aikin jiha ne ba na tarayya ba. Ranar mulkin kan Arewa ma da kansu suka tsayar, 15 ga Maris 1959, aka zaɓi ranar da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gabas da Yamma kuwa tun 1957 suka karɓi nasu. Kuma har sarakunan da suka ɗaure wa NPC gindi sai da gwamnatin jiha ta fi ƙarfinsu, a 1963 bayan binciken kuɗin En'e ta Kano Sarki Muhammadu Sanusi ya sauka aka kai shi Azare, abinda Firayim Minista a Legas ba shi da ikon yi ko ya so.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa a wa'azi da taron siyasa, wai Sardauna tsabar tawali'u ne ya sa ya bar wa Ɓalewa Firayim Minista. Ni dai ban saya ba, kuma ba rage masa daraja nake ba. Mutum ne mai ji da kansa da asalinsa, jinin Shehu ne ta wajen Sarkin Musulmi Bello, duk wanda ya zauna da shi ya shaida yana da kyauta ta ban mamaki amma ba wanda ya siffanta shi da mai gudun girma. Lissafi ya yi, kuma lissafin ya fita. Ɓalewa ya fi shi iya zama da 'yan Kudu, ya fi shi haƙuri da ce-ce-ku-cen majalisa, ga murya ga Turanci, ya kuma riga ya shekara goma yana hulɗa da su kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Shi kuma Sardauna ya riƙe jam'iyya, kuma wanda ya riƙe jam'iyya da En'e shi ke cewa wane ne zai tsaya takarar kujerar Legas a kowace mazaɓa. A zaɓen Disamban 1959 kujeru 312 ne, Arewa na da 174, NPC ta ci 134 tun kafin 'yan indifenda su shigo mata, kuma duka daga Arewa suka fito, wato ƙarfin Ɓalewa a zauren Legas a Kaduna ake dafa shi. Majalisar dattawa ma ta lokacin ba zaɓe ake ba, gwamnatin jiha ke ba da sunaye majalisunta su amince. Shi ya sa 'yan adawa suka riƙa yi wa Ɓalewa gorin cewa ɗan aike ne, wanda shi ma wuce gona da iri ne, don a harkokin waje da sha'anin tafiyar da gwamnatin haɗin gambiza da NCNC yana yin abinda ya ga dama, kuma an sha samun saɓani tsakanin 'yan NPC na Legas da na Kaduna, misali kan hulɗa da Isra'ila, wadda gwamnatin tarayya ke yi shi kuma Sardauna ya ƙi ta fur.

In kana son hujjar cewa lissafin daidai ne dubi wanda ya yi akasin haka. A 1959 Awolowo ya ajiye Firimiya ya tafi neman Firayim Minista, bai samu ba ya zama jagoran adawa a Legas, ya bar wa mataimakinsa Akintola kujerar Badun. Cikin shekara uku rigima ta ɓarke tsakaninsu kan wa ke da jam'iyya wa ke da gwamnati, a 1962 aka yi jifa da kujeru a zauren majalisar Yamma, gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci, a 1963 Awolowo yana gidan yari da hukuncin shekara goma. Mai jam'iyya ya tafi tsakiya ya bar baitulmali a hannun wani, shi ke nan.

Sai dai kar na bar ka da hoton da ya fi gaskiya kyau. Zauren Lugard Hall, inda majalisar ke zama kuma inda majalisar dokokin jihar Kaduna ke zama yanzu, wuri ne da ake muhawara da Hausa da Turanci ana fassara, kuma in ka samu kundin muhawarorin ka karanta za ka sha mamakin yadda membobi ke tashi suna tambayar minista kan rijiya da dispensare da farashin gyaɗa da hanyar da ruwa ya cinye, tambayoyi na ainihi na mutanen da suka san ƙauyukansu. Amma adawa a ciki 'yar kaɗan ce kuma kullum raguwa take. Mutumin da ya fi ba ni sha'awa a wannan ɓangaren shine Ibrahim Imam na Borno, wanda shi ne babban sakataren NPC, ya fice a 1954 ya koma wa matasan Borno masu adawa, ya zama jagoran adawa a zauren, da aka matsa masa a gida har ta kai a 1961 daga ƙasar Tibi aka zaɓo shi, Babarbare yana wakiltar Tibi, saboda ƙawancensu da Joseph Tarka, jagoran 'yan adawar Tibi. A waje kuwa 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu, neman izinin lacca sai En'e ta ga dama, kalma ɗaya a kan sarki sai ka tsinci kanka gaban alƙali, bulala da ɗauri, Gambo Sawaba kaɗai ta isa shaida, kuma rikicin ƙasar Tibi na 1960 da 1964 an yi asarar rayuka masu yawa. Ƙarfin da ya sa kujerar Kaduna ta fi ta Legas daraja shi ne dai ƙarfin da aka yi amfani da shi aka murƙushe masu cewa a'a. Abin lura ma, Malam Aminu bai taɓa samun shiga majalisar Kaduna ba, kujerar da ya samu ta Legas ce a 1959 daga Kano ta Gabas, lokacin da aka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce a duk faɗin Arewa.

Sardauna ya ci gaba da zama memba a Kaduna kuma Firimiya har daren 15 ga Janairu 1966 da sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe shi a gidansa tare da matarsa Hafsatu, a daren kuma aka ɗauke Ɓalewa a Legas. Da wannan majalisun duka suka rufe.

Dalilin da ya sa kai kake ganin ci baya ne kuwa, soja ne suka juya tsanin. A 1967 Gowon ya yanka jihohi huɗu zuwa 12, Arewa ta zama shida, aka ci gaba da yankawa har 36. Aka karɓe 'yan doka da gidajen yari daga En'e aka mai da su na tarayya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abinda ya rage na ikon En'e, man fetur ya maye gurbin gyaɗa kuma kuɗinsa ta tsakiya yake biyowa, yau a rabon asusun tarayya gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Tsarin mulkin 1999 ya riƙe dokar nan ta 1954, in ka zama memba a wata majalisa kujerarka ta farko ta faɗi, ya kuma ƙayyade majalisar jiha kar ta gaza mutum 24 kar ta wuce 40. Shi ya sa za ka ga mutum kamar Kabiru Alhassan Rurum ya riƙe kakakin majalisar Kano sukutum amma a 2019 ya tafi Abuja ya zama ɗaya daga cikin 360 kuma kowa na taya shi murnar ƙarin girma. Waɗanda ke dawowa gida daga Abuja, irin su Aminu Bello Masari da Aminu Waziri Tambuwal da duk suka yi kakakin majalisar wakilai, kujerar gwamna suke dawowa nema ba ta majalisar jiha ba, don a tsarin shugaban ƙasa da muka ɗauko a 1979 gwamna ba ɗan majalisa ba ne, alhali a zamanin Sardauna sai kana da kujera a majalisa kafin ka zama Firimiya ko minista, ranar da ka rasa rinjaye a zauren ranar gwamnatinka ta faɗi. Majalisar jiha ta taɓa nuna haƙoranta a sabon tsarin, a Lugard Hall ɗin nan dai 'yan jam'iyyar NPN masu rinjaye suka hana Gwamna Balarabe Musa kafa kwamishinoni suka kuma tsige shi a watan Yunin 1981, amma daga 1999 zuwa yau yawancinsu sai abinda gwamna yace, har ta kai a gyaran tsarin mulki na 2010 aka kawo musu tayin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, majalisun jihohin da kansu suka kasa haɗa adadin da ake buƙata ya wuce, sai a 2018 aka samu aka sa wa gyaran hannu.